Ɗora Manhaja a Kan Linux: Ka San Dangin Kwamfutarka Kafin Ka Ƙona Data

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da kamfanin Microsoft ya janye kulawar da yake ba Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ake saye a titin Beirut a Kano a shigo da su Kazaure ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Wannan ya sa wasu suka karkata ga Linux, wanda kyauta ne, kuma ba ya raina tsohon inji. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, da na makarantar Informatics da aka kafa a Kazaure zamanin Gwamna Saminu Turaki, da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a Babura a 2021, su dama darasi yana tilasta musu sanin Linux ko da Windows bai tsufa ba.

Ɗora Linux ɗin kansa ba ya ba mutane wahala sosai. Inda ake tuntuɓe shi ne washegari, lokacin da mutum yake son VLC ko Chrome, ya bi umarnin da ya gani a bidiyo, injin ya ƙi. Sau da yawa umarnin daidai ne, na wani nau'in Linux ne daban. Ga kuma jagororin da ake samu an rubuta su ne don wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, datarsa ba ta ƙarewa. Mai zaune a Roni ko Gwiwa da ke jona kwamfuta da wayarsa yana bukatar wani lissafin.

Rumbu da ƙunshi

A Windows, mutum ya saba ya nemo fayil mai ƙarewa da .exe daga wani shafi ko filashin aboki, ya danna. A Linux wannan fayil ba ya aiki kai tsaye, kuma ba ta nan ake farawa ba. Kowane nau'in Linux yana da rumbunsa a intanet, inda masu kula da shi suka tara dubban manhajoji, suka gwada su, suka sa musu hatimin da injinka zai tantance kafin ya karɓa. Kowace manhaja tana zuwa a ƙunshi, kuma kusan ko wane ƙunshi yana dogara da wasu ƙananan ƙunsoshi kafin ya yi aiki. Akwai manhaja ta musamman a cikin injin da aikinta ke nan: ta ɗauko abin da ka nema, ta haɗo da duk abin da yake dogara da shi, ta rubuta inda ta ajiye komai domin ranar cirewa.

Cibiyar tsarin ɗaya ce, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa yana ɗalibi a Finland a 1991. Amma waɗanda suka gina a kanta sun rabu dangi-dangi, kowane dangi da irin ƙunshinsa. Kamar kayan gyaran babur ne: na Bajaj ba ya shiga Jincheng, duk da cewa dukkansu ƙafa biyu suke tafiya.

Dangi mafi yawa a wajenmu shi ne na Debian, wanda Ian Murdock ya fara a 1993. Daga jikinsa Ubuntu ya fito a 2004, aikin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu. Daga Ubuntu Linux Mint ya fito a 2006. Kali Linux, da samari masu sha'awar tsaron intanet ke rububi, shi ma ɗan Debian ne. Duk waɗannan ƙunshinsu yana ƙarewa da .deb, kuma apt ne mai ɗora musu. Dangi na biyu na Red Hat ne, da Fedora da Rocky Linux da AlmaLinux: ƙunshinsu .rpm, mai ɗorawa dnf. openSUSE ma .rpm yake amfani da shi, amma da zypper. Sai Arch da Manjaro, masu pacman.

Saboda haka kafin ka kwafi umarnin kowa, buɗe taminal, wato tagar nan da ake rubuta umarni, ka rubuta:

cat /etc/os-release

Layin ID zai gaya maka sunan nau'in da ke kan injin, ID_LIKE ya gaya maka danginsa, VERSION_ID kuma lambar fitowarsa. Sannan ka rubuta uname -m. In ya nuna x86_64, injinka mai 64-bit ne, kuma duk inda ka ga ƙunshi mai amd64 naka ne, ko da injin Intel ne. In ya nuna i686, tsarin 32-bit ne a kai, wanda Ubuntu da Mint suka daɗe da yin watsi da shi. Rubuta waɗannan a takarda ka manna a jikin kwamfutar in ta makaranta ce ko ta shago.

Yadda ake yi da apt

Matakin farko ko da yaushe shi ne:

sudo apt update

Wannan ba ya ɗora komai. Jerin abin da ke cikin rumbu kawai yake sabuntawa. Kalmar sudo tana nufin kana aiki da ikon mai gida, don haka zai nemi kalmar sirrinka. A yawancin nau'o'in Linux, yayin da kake rubuta ta ba za ka ga komai a allo ba, ko tauraro ɗaya. Sababbin shiga kan ɗauka maɓallan sun mutu. Ba su mutu ba, rubuta ka danna Enter.

In ba ka tabbatar da sunan ƙunshin ba, apt search inkscape zai nemo, apt show inkscape kuma ya nuna bayaninsa da girmansa. Sai ka ɗora:

sudo apt install vlc inkscape gimp

Kafin ya fara, apt zai tsaya ya jero ƙarin ƙunsoshin da zai ɗauko, ya faɗi yawan megabait ɗin da zai sauke da filin da za su ci a faifai, sannan ya tambaye ka ko ya ci gaba. Wannan tsayawa ita ce abokiyar mai ƙaramar data, amma yawancin mutane Y suke dannawa ido rufe. Karanta. Adadin farko shi ne kuɗinka. In ya yi maka yawa, danna N, ka sake gwadawa da --no-install-recommends a ƙarshen umarnin, wanda ke barin ƙarin kayan da ba dole ba. Ka kuma duba ko akwai layin da ke cewa zai cire wasu ƙunsoshi. In ka nemi manhaja ɗaya ka ga yana shirin cire ashirin, akwai matsala, kada ka yarda.

Cirewa da sudo apt remove vlc ake yi, sai sudo apt autoremove ya share ragowar da babu mai bukatarsu. Sabunta duk abin da ke kan injin kuwa sudo apt upgrade ne. Wanda ba ya son taminal yana da kantin manhajoji mai hotuna a Mint da Ubuntu, yana iya danna abin da yake so. Sai dai taminal ya fi faɗin gaskiya idan abu ya lalace.

A Fedora abin ya yi kama: sudo dnf install inkscape, sudo dnf remove inkscape, sudo dnf upgrade. Ba sai ka sabunta jeri da kanka ba, dnf yana yi in ya ga ya tsufa, kuma jerin nasa yana da nauyi, abin da mai data kan ji a jikinsa. Fedora ba ya ɗauke da wasu manhajojin kunna bidiyo saboda dokokin haƙƙin mallaka na Amurka, sai an ƙara rumbun RPM Fusion. A openSUSE, sudo zypper install. A Arch da Manjaro, sudo pacman -Syu inkscape, wanda ke sabunta tsarin gaba ɗaya sannan ya ɗora. Kada ka yi -Sy kaɗai ka ɗora abu, don haɗa sabon ƙunshi da tsohon tsari yana karya Arch.

Sunaye ma suna sauyawa daga dangi zuwa dangi. Sabar yanar gizo ta Apache sunanta apache2 a Ubuntu, httpd a Fedora, apache a Arch. Kayan harhaɗa shirin C da malami zai ce a ɗora, a Ubuntu build-essential ne, a Arch base-devel, a Fedora kuma ka nemi gcc da make. In injin ya ce bai ga ƙunshi ba, fara zargin suna kafin ka zargi intanet.

Ra'ayina a nan a fili yake. Wanda ke sayen data da kuɗinsa ya zauna a kan Mint, ko Debian, ko Ubuntu mai dogon zango, wato masu alamar LTS irin 22.04 da 24.04, da ke fitowa a watan Afrilu duk shekara biyu kuma ake kula da su shekara biyar. Fedora yana fitowa duk wata shida, kulawarsa wata goma sha uku ce ko kusa da haka. Arch kullum cikin sabuntawa yake. Dukkansu nagari ne, amma an yi su ne don mai intanet a yalwace. Kali kuwa kayan aiki ne na gwajin tsaro, masu shi da kansu ba su ba da shawarar sabon shiga ya mai da shi kwamfutar yau da kullum ba. Ka ɗora shi cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani tsari a cikin naka, in darasi ya bukata.

Abin da babu a rumbu

Google Chrome da Visual Studio Code da Zoom ba sa cikin rumbun Debian ko Mint. Ka je shafin kamfanin da kansa, ka zaɓi .deb ko .rpm gwargwadon danginka. Ka shiga foldar da fayil ɗin ya sauka, ka rubuta sudo apt install ./ tare da sunan fayil ɗin a manne. Ɗigon nan da karkataccen layi su ke gaya wa apt cewa fayil ne da ke gabansa, ba suna ne a rumbu ba. A Fedora haka ake yi da dnf. Chrome yana ƙara rumbunsa da kansa, daga nan zai riƙa sabuntuwa tare da sauran.

Ƙananan rumbunan mutane da ake kira PPA na Ubuntu da Mint ne kaɗai, ba a sa su a Debian. Kuma duk wanda ka ƙara rumbunsa ka ba shi makullin injinka ne. Mafi munin abin da ɗalibai ke yi shi ne ƙara rumbun Kali a kan Ubuntu don samun kayan kutse. Sabuntawa ta gaba tana cakuɗa tsarin biyu, kuma sau da yawa maganin sai sake ɗora komai daga farko.

Akwai kuma hanyoyi uku da ke aiki a kowane dangi. Snap na Canonical ne, yana zuwa cikin Ubuntu, har Firefox ɗin Ubuntu ta nan yake zuwa tun 21.10. Mint ya toshe shi tun fitowa ta 20 a 2020. Flatpak yana ɗauko kaya daga rumbun Flathub, kuma Mint yana zuwa da shi a shirye: flatpak install flathub org.videolan.VLC. Amfaninsu shi ne suna ba ka sabuwar manhaja a kan tsohon tsari. Tsadarsu kuma data ce, domin kowannensu yana tafe da guzurinsa maimakon ya yi amfani da na injin. Manhajar Flatpak ta farko tana iya jawo ɗaruruwan megabait na ginshiƙin da za ta tsaya a kai, ko da ita kanta ƙarama ce. A kantin Mint, in manhaja tana da hanya biyu, akwai wurin zaɓi tsakanin ƙunshin tsari da Flatpak. Duba girman kowanne kafin ka danna.

Snap kuma yana da wata ɗabi'a: yana leƙa rumbunsa sau huɗu a rana, ya sabunta kansa ba tare da sallama ba. Da yawa cikin masu cewa Ubuntu yana shan data, wannan ne. Shiga saitin Wi-Fi ka yi wa layin wayarka alamar cewa datarsa a ƙidaye take, sannan ka rubuta:

sudo snap set system refresh.metered=hold

Na uku shi ne AppImage, fayil guda da ba a ɗora shi. Ka ba shi izinin aiki da chmod +x da sunansa, ka danna shi sau biyu. Shi ya fi dacewa da yawo a filashi, ga shi ba ya sabunta kansa. In ya ƙi buɗewa a Ubuntu 22.04, ɗora libfuse2. A 24.04 sunan ya koma libfuse2t64.

A sauke sau ɗaya, a raba

Nan ne ribar take ga ɗakin kwamfuta na makaranta, ko shago mai inji huɗu, ko abokai da ke ɗaki ɗaya a Kazaure. Babu dalilin da zai sa inji goma su sauke LibreOffice sau goma. Manhajojin nan lasisinsu ya halatta kwafa da rabawa, ba sata ba ce.

Sharaɗin shi ne injinan su zama nau'i ɗaya, fitowa ɗaya. Ƙunshin Ubuntu 22.04 ba na 24.04 ba ne. A kan injin da ke da intanet, wanda aka ɗora wa Linux daga filashi ɗaya da sauran kuma ba a riga an ƙara masa kaya ba, rubuta:

sudo apt update
sudo apt-get install --download-only vlc gimp inkscape

Komai zai sauka a /var/cache/apt/archives ba tare da an ɗora ba. Kwashe duk fayilolin .deb da ke wurin zuwa wata folda a filashi. A kan injin da babu intanet, ko a Gwiwa yake, shiga foldar ka rubuta sudo apt install ./*.deb. Dalilin cewa injin farko ya zama sabo shi ne apt yana sauke abin da shi wannan injin ya rasa ne kawai. In ya riga yana da wani ƙunshin dogaro, ba zai sauko da shi ba, sai ka isa ƙauye ka tarar da giɓi. Lura kuma da cewa apt-get na rubuta, domin apt yana share fayilolin bayan ya gama ɗorawa, apt-get kuwa yana barinsu. A Fedora, dnf download --resolve yana yin irin wannan aiki. A Arch ƙunsoshin suna nan a /var/cache/pacman/pkg, ana ɗora su da pacman -U.

In injinan suna haɗe a layi ɗaya, akwai abin da ya fi filashi. Ɗora apt-cacher-ng a kan guda ɗaya da ba a yawan kashewa, ka duba lambarsa da hostname -I. A kowane ɗaya daga cikin sauran, ƙirƙiri fayil mai suna /etc/apt/apt.conf.d/01proxy, ka sa wannan layi da lambar wancan injin:

Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";

Daga ranar, duk ƙunshin da wani inji ya nema yana bi ta wancan, shi kuma ya ajiye kwafi. Na biyu da ya nema daga cikin ɗaki zai samu, cikin ƙiftawa. Snap da Flatpak ba sa bi ta nan, wanda ƙarin dalili ne na riƙe .deb a ɗakin karatu.

Idan abu ya tsaya

An ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa, batirin laftof kuma dama ya mutu. In tun ana saukewa ne, ba komai, apt zai ci gaba daga inda ya tsaya. In an fara kwancewa ne, injin zai ƙi karɓar sabon umarni. Rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install. Babbar sabuntawa dai a bari sai da cikakken caji ko a kan sola.

Saƙon da ke farawa da "Could not get lock" yana nufin wani apt ɗin yana aiki a ɓoye, galibi sabuntawar tsaro da Ubuntu ke yi bayan an kunna inji. Za ka ga masu cewa a goge fayil ɗin makulli. Kada ka bi su. Jira 'yan mintoci, ka rufe kantin manhajoji in yana buɗe.

Wani kuma na tsofaffin injina ne. apt update ya ce fayil ɗin rumbu "is not valid yet", Firefox ma ya ƙi buɗe shafuka. Duba agogon kwamfutar, za ka tarar tana zaune a wata shekara da ta wuce. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci a cikin injin ne ya mutu, sau da yawa irin CR2032 mai kama da kwabo. Gyara na wucin gadi shi ne sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos da sudo timedatectl set-ntp true, injin ya ɗauki lokaci daga intanet. Gyara na dindindin yana wurin mai gyara.

In kuwa ko wane layi yana dawo da 404, duba VERSION_ID. Ubuntu da ba LTS ba wata tara kawai ake kula da shi, daga nan a kwashe rumbunsa. Wanda ya ba ka filashin tsohon kaya ya ba ka. Haka nan wasu laftof masu katin Wi-Fi na Broadcom ba sa ganin layi bayan ɗora Linux, ga shi sai da intanet za a ɗauko direban. Jona waya da igiyar caji, kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, sannan ka buɗe manhajar direbobi ta Mint ko Ubuntu ta nemo.

Ɗaliban Python suna da nasu. Tun Debian 12 da Ubuntu 23.04, pip install yana ƙin aiki kai tsaye, domin kada ya taɓa Python ɗin da tsarin kansa ke dogaro da shi. Ɗora python3-venv, ka shiga foldar aikinka, ka rubuta python3 -m venv env, sannan source env/bin/activate. A ciki pip zai yi duk abin da ka ce.

Na masu shagon buga takardu

Mai buga takardun kammala karatu da katin biki damuwarsa biyu ce: firinta da salon haruffa. Yawancin firintocin HP suna aiki da ƙunshin hplip, wanda ke cikin rumbun kowane dangi. Kafin ka sayi wata firinta dabam, bincika lambarta ko tana da direban Linux. CorelDRAW ba shi da na Linux. Inkscape yana yin aikin da yawa, amma wanda abokan cinikinsa ke kawo fayilolin Corel kullum ya bar inji ɗaya a kan Windows, kada ya wahalar da kansa.

Takardar Word da aka buɗe a LibreOffice takan wargaje ne saboda rashin haruffan da aka rubuta ta da su. Ƙunshin fonts-liberation yana da haruffa masu faɗi daidai da Times New Roman da Arial, fonts-crosextra-carlito kuma daidai da Calibri, don haka shafuka ba sa gocewa. In malami ya dage sai Times New Roman na ainihi, ttf-mscorefonts-installer yana ɗauko shi a Ubuntu da Mint, amma zai nuna yarjejeniya a taminal, wadda ake amincewa da ita ta danna Tab sannan Enter.

Don rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, ba sai ka ɗora komai ba. A saitin maɓallai akwai tsarin Hausa na Nijeriya, ƙara shi ka buɗe hotonsa ka ga inda kowane harafi ya zauna, don ba duka suke inda ka saba ba. Haruffan Charis na ƙungiyar SIL suna fitar da masu lanƙwasa da kyau a bugu: fonts-sil-charis a dangin Debian, sil-charis-fonts a Fedora. Mai buga Ajami kuma ya nemi fonts-sil-alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano. Bayan ɗora sababbin haruffa, rufe LibreOffice gaba ɗaya ka sake buɗewa kafin su bayyana a jeri, kuma ka fitar da aikin a PDF in a wani injin za a buga shi.